Rigar Aro da Takardar Talauci

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni Nomau, Bagobiri daga wani ƙauye yamma da Maraɗi, na taɓa arar babbar riga ta shadda, na fesa turare, na tafi biron hukuma, ofis ke nan, neman takardar da za ta shaida cewa ba ni da ko sisi. Wanda ya yi dariya bai yi laifi ba. Ni ma yanzu dariya nake yi, amma a lokacin ran mutum ne a hannuna, kuma saura kaɗan in sake shi saboda riga. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, kafin mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, don haka in rubutun ya karkace ku bi shi a hakan.

Na sauka Yamai furfura ta fara leƙowa a gemuna, a wata shekara da gero ya ƙi. Zangona na farko tasha ce. Wani mutum mai tsabta ya tare ni da Hausa garau, ya ce ai ya san ƙauyenmu, har ya tambayi lafiyar mai gari. Ya karɓi jakata ya riƙe mini in je in yi alwala. Har yau yana riƙe da ita.

Daga nan sai Zongo. Wani tela ɗan Maraɗi, Malam Ilu, ya ji tausayina ya bar ni ina kwana a rumfar shagonsa, da safe in share masa ƙyallaye. Yunwa ba ta dame ni kamar rashin abokin hira ba. Zabarmanci kalma ɗaya na iya, fofo, da ita nake gaisuwa, da ita nake godiya, da ita nake ba da haƙuri in na taka mutum. Da la'asar in na ji ƙarar turmi daga wani gida sai in tsaya cak a hanya, ina tuna dakan matata Hajo, har mai moto ya yi mini tsawa.

A bakin pampo na unguwar Lazare na haɗu da Saini, Bazabarme dogo siriri daga wani ƙauye na bakin kogi. Ya dubi zanen fuskata ya ce, "Wa ya saki bawana cikin gari ba igiya?"

Mu Gobirawa da Zabarmawa taubasai ne, zagi tsakaninmu gaisuwa ne. Na ce, "Dukiyata na zo dubawa. An ce mini kun lalace, na ga gaskiya ne."

Ya yi dariya, ya karya burodin da ke hannunsa ya miƙo mini rabi. Sana'arsa ga-ruwa ce. Yana da kurar ruwa mai ɗaukar bido goma, wato jarkoki, yana turawa gida gida, bayansa kuma ya fara ƙi. Muka shirya shi safe ni yamma. Kafin shekara na sayi rabin kurar, muka kama ɗaki ɗaya, muka samo gwangwani ɗaya muna zuba abin da ya saura.

Wanda bai taɓa tura bido goma cikin yashin Lazare ba ba zai gane abin da ya kai mu ga tramol ba. Ƙwaya ce 'yar ƙarama, masu tallan magani a tire suna sayar da ita a kowace kwana. Saini ne ya fara ba ni, amma ni na roƙa, ba zan ɗora wa wanda ba ya nan ba. Ka jefa ɗaya cikin kofin kafe ka kurɓe, yashi ya koma maka gudiro mai kwalta, rana ta yi sanyi. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Aiken gida ya ragu. Har kewar gidan ta cire mini, ina jin turmi in wuce abina, kuma a lokacin na ɗauka alheri ta yi mini.

Wata rana da hantsi Saini ya faɗi a bakin pampo. Jikinsa ya sandare, ya shiga karkarwa, kumfa da jini suna fita ta bakinsa don ya ciji harshe. Mata suna cewa iskoki ne. Ni na san sunan iskar, tana cikin naɗin hulata. Wani mai taksi ya kwashe mu zuwa gidan likita, da na sa hannu a aljihu ya ce in bari.

Bayan ya farfaɗo aka mai da mu wani ɓangare can baya, inda ake kwantar da masu taɓin kai da 'yan ƙwaya. Mai riƙe da wurin, wadda ake ce wa majo, wata gajeriyar Bazabarma ce mai suna Ramatu, tabarau rataye da zare a wuyanta.

"Kai ne ɗan'uwansa?"

"Ubangidansa ne."

Ta ɗora tabarau ta dubi zanena. "Bagobiri ke nan. Allah ya sa kunnenka ya fi bakinka aiki. Saurara. Nan ba allura ɗaya ake yi a tashi ba. Sati uku likita ya ce. Jikinsa zai nemi abinsa, zai zage ka, zai roƙe ka. Mu muna ba shi abin da zai rage masa wahalar, muna tsare shi daga faɗuwa. In ka fitar da shi a tsakiya zai koma wa ƙwaya da yunwarta, kuma faɗuwa ta gaba ba lallai ta same shi a bakin pampo ba. Tana iya samunsa a tsakiyar gudiro."

Ta ce ba a kwantar da kowa sai da mai jinya wanda zai shimfiɗa tabarma kusa da gado. Gadon ana biya. Magani kuma likita ya rubuta a takardar da suke ce wa ordonas, mai jinya ya kai farmasi ya biya ya kawo, har safar hannu da allura. Abinci ma naka ne. Na ce duk na ji, na ɗauka.

Haka na zama mai jinya. Da safe in tura ruwa, da azahar in dawo da kwano da ledar magani. Ina ba shi nasa da hannun dama, nawa yana cikin hula. In na ji jikina ya fara saki sai in ce zan je alwala, in zagaya bayan itatuwan bedi in haɗiye. Saini yana kwance zufa ta jiƙa zanen gado, yana hamma kamar muƙamuƙinsa zai ɓalle, ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Yana zagina da Zabarmanci ina amsawa da fofo. Wani lokaci sai ya ƙura wa hulata ido. Bai taɓa roƙona ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Kwana takwas gwangwaninmu ya ga ƙasansa. Tura rabin yini ba ya riƙe gado da ordonas da ciki biyu, balle ga rabon mai tire da nake cirewa a ɓoye. Na ce za mu sayar da kura. Saini ya ce, "In ka sayar da ita, in na fita in tura mi? Kai? Fitar da ni kawai, na ji sauƙi."

Majo ce ta nuna mini hanya. Ta ce akwai biron sosiyal, masu duba marasa hali. In karɓi takardar mai unguwa in kai musu, za su yi mini tambayoyi, in sun gamsu su ba da takardar da za ta ɗauke kuɗin gado da wani ɓangare na magani.

Takardar mai unguwa ba ta yi wuya ba, don matarsa ruwanmu take sha. Abin da ya hana ni sukuni shi ne da me zan shiga biro. A garinmu ba a tsayawa gaban hukuma da kayan aiki. Ubana in zai je biyan haraji sai ya ari rawani, ko da kuwa akuya ya sayar ya haɗa kuɗin. Ni kuma rigata kafaɗunta duk sun cinye. Na nufi Zongo wajen Malam Ilu.

"Biron me za ka?"

"Biron manya."

Sai ya zaro wata shadda ruwan madara mai aiki har ciki, ta wani Alhaji da ya yi tafiya bai karɓa ba. Ya haɗa mini da hula da takalmi, ya diga mini turare a wuya. "Kar ka ci komai a cikinta, Nomau. Kar ka jingina. In da hali kar ka yi zufa."

Na kwashe ƙwayoyina daga tsohuwar hula na mai da su sabuwa. Na ƙara biyu a kan na kullum don bakina ya buɗe gaban masu Faransanci.

A ƙofar biron mutane ne jere kan banci, tsofaffi da mata masu goyo, kowa da takarda a hannu. Da suka gan ni sai suka muskuta. Mai gadi ya miƙe ya buɗe mini ƙofa, ina jin ya ɗauka taimako na kawo. Na wuce su duka ina baza hannun riga.

Matar da ke ciki 'yar Damagaram ce, mai sanyin magana. Ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Tun da uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa ce mini Alhaji. Kalmar ta hau kan tramol ta zauna daram.

"Mene ne tsakaninka da marar lafiyar?"

"Yarona ne. Yana mini aiki."

"Kana da gona?"

"Gonaki dai."

"Dabbobi fa?"

Akuya ɗaya ce a gidanmu, ita ma ta Hajo. Amma ga mace zaune tana dubana da girmamawa, ga turare yana tashi. Na ji bakina yana cewa, "Ba a rasa ba. Shanun dai sun ragu bana."

Duk tana rubutawa. Da ta gama ta ajiye alƙalami ta ce, cikin ladabi, "To Alhaji, tunda Allah ya hore maka, ka taimaki yaronka, lada ce. Takardar nan ta waɗancan ce da ke kan banci."

Na ce ba komai. Har godiya na yi mata. Sai da na kai bakin hanya, rana ta daki shaddar, sannan na gane abin da na aikata.

Da rigar na koma gidan likita, don ƙafata ba ta san wata hanya ba. Saini ya gan ni ya kama dariya har da tari. "Wa ya mutu ka gada?" Sai ya dubi hannuna ya ga ba takarda, dariyar ta tsaya. Ya juya fuska bango.

Majo ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Na ba ta labari, na rage shanun. Ta ce, "Cire hular."

"Ta aro ce, majo."

"Cire."

Ƙwayoyin suka zubo kan tebur, ɗaya ta gangara ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. "Tun ranar farko na gani. Baƙin idonka kamar ƙwayar gero, kuma ban taɓa ganin mai alwala sau tara a yini ba. Na yi shiru don in na kore ka ba shi da kowa. Yanzu ga inda muke. Gadon nan zan iya roƙa a ɗaga mana ƙafa kwana uku, bayan haka ba a hannuna yake ba. Gobe da safe ka ga likita, shi zai tsara yadda za a rage maka, kar ka yanke da kanka lokaci ɗaya ka faɗo mini a nan. Jibi ka koma biron da rigarka da bakinka na gaskiya."

"Matar ta san fuskata."

"Da wannan zanen har makaho ya san ta. Ka je."

Na mai da wa Malam Ilu shaddarsa. Ya ɗaga hammatar ya duba, ya dube ni, ya ce zai faɗa wa Alhajin ruwan guga ne.

Ranar komawa jikina ya san an rage masa. Hancina yana zuba, gwiwoyina kamar na tura ruwa daga kogi. Na zauna a ƙarshen banci tun safe. Wata tsohuwa ta leƙo fuskata ta ce, "Ba kai ne Alhajin ran nan ba?"

"Ƙanensa ne, inna."

"Allah ya shirya shi. Ko sallama bai yi mana ba."

Sai bayan azahar layi ya zo kaina. Matar ta ɗago ta gane ni, ta jingina da kujera tana jira. Na tura bido goma cikin yashi shekara da shekaru, amma ban taɓa tura abu mai nauyin maganar nan ba. Na ce, "Madam, rigar ta aro ce. Shanun ƙarya ne. Gonar ɗaya ce, ita ma ba ta ba mu komai ba. Saini ba yarona ba ne, abokina ne, shi ya ba ni aiki. Ƙwayar da ta kayar da shi ni ma ina sha. Ba ni da komai."

Ta ce, "Ka san mutum nawa ka tsallake ran nan?"

"Na ƙirga su yau, madam. Daga ƙarshen banci ana ganinsu sosai."

Ta ce maganata yanzu ba ta isa shaida ba, sai ta gani da idonta. Washegari ta zo Lazare da kanta. Ta ga ɗakinmu, tabarma biyu da ƙusa biyu a bango da gwangwani ba komai ciki. Matan gidan suka kewaye ta kowace tana ba da shaidar tsiyarmu, har wata ta ƙara abin da babu. Ban taɓa jin daɗin a kira ni matsiyaci ba sai ranar.

Takardar ba ta fito cikin kwana ukun majo ba. 'Yan'uwanmu ga-ruwa na bakin pampo ne suka toshe ramin. Ba wanda ya roƙe su. Kowa in ya gama nasa sai ya yi zagaye ɗaya da kurarmu, da yamma ɗayansu ya kawo abin da aka samu a ƙulle cikin leda. Matar Malam Ilu ta riƙa aiko da tuwo. Da takardar ta iso ta ɗauke gado da yawancin magani. Akwai wani da babu shi a farmasin ciki, sai a waje, wannan ledar yamma ce ta riƙa sayensa, da nawa da likita ya rubuta.

Daga nan abin ya juye. Saini ya fara cin abinci, ya fara barci, ni kuma na shiga inda ya fito. Ina kwance kan tabarma ina shure-shure, marar lafiya yana saukowa daga gado ya danne mini ƙafafu, ya jiƙa tsumma ya ɗora mini a goshi. In likita zai shigo zagaye sai ya yi maza ya haye gado ya ja zane. Da hantsi akan tara mu ƙarƙashin bedi, kowa ya faɗi yadda ya fara da abin da yake tsoro in ya fita. Ni a matsayin mai jinya nake zama can gefe, har ranar da majo ta tura kujerata da ƙafa zuwa cikin da'ira.

Kewar gida ta dawo mini gaba ɗaya, kamar an buɗe pampo. Wata rana wata mai jinya tana daka yaji a bayan katanga, na zauna ina kuka da gemuna. Saini bai yi mini dariya ba. Ya shiga ba ni labarin kogin garinsu, yadda ruwa ke ja baya a bar ƙasa baƙa, a shuka albasa da kabewa. Ni kuma na ba shi labarin furar Hajo. Ya ce Gobirawa ba su iya fura ba. Muka yi musu har aka kira la'asar. In an tambaye ni kwanakin da na fi so a Yamai, kunya ke hana ni cewa waɗannan ne, a ɓangaren da mutane ke tsoron wucewa ta ƙofarsa.

Da sati uku ya cika likita ya ce Saini zai iya tafiya. Sai ga shi da jiri. In ya miƙe sai ya dafa bango, ya ce ƙasa tana juyawa. Majo ta dube shi ta saman tabarau, ta dube ni a tabarma, ta je ta yi magana da likita, aka ƙara sati ɗaya. Mai jirin nan kuwa kwano guda yake sharewa ya leƙa nawa. Na riƙa yi masa tsiya, ina cewa Bazabarme ya samu gadon banza ya ƙi tashi. A cikin satin nan ne rawar hannuna ta tsaya, na fara kwana har safe. Muka fito tare, takarda ɗaya da sunansa, jiki biyu.

Ba zan ce daga nan na zama waliyyi ba. Na zame sau ɗaya a wata bazara, na kai kaina wajen majo. Ta ce, "Bawana ya dawo gida," ta jawo mini kujera. Saini bai zame ba ko sau ɗaya. Mun ƙara shekara biyu muna tura ruwa, bido shida maimakon goma, sannan ya ce bayansa ya gama, zai koma ya shuka albasa. Ni na aika Hajo ta zo. Yanzu gadi nake yi a wani gida a unguwar Talaje, ina zaune kan banci yini guda, kuma duk wanda ya wuce ina yi masa sallama.

Na raka shi tasha, ita dai tashar da aka riƙe mini jaka. Ya bar mini rabinsa na kura, ya ce in biya shi ranar da Gobirawa suka yi hankali. Da ya zauna kusa da taga sai bakina ya motsa, na ce, "In ka isa ka faɗa musu wanda ya yi jinyarka."

Mota ta riga ta fara ja. Ya leƙo da kai ya faɗi magana, hayaƙi ya rufe ni kafin in haɗa amsa. Na ce in ya zo Yamai zan rama. Bai zo ba, ni ma ban je ba, bara waccan aka aiko mini ya rasu a gonarsa, da tsufansa da hankalinsa. Amsar har yau ban same ta ba. Abin da ya ce shi ne:

"Sati uku likita ya rubuta mini, Bagobiri. Na huɗun, jirin wa kake tsammani nake yi?"